Bahago da Kod Mai Suna Uku

Gardamar ta tashi ne a daren wata Asabar, a barandar wani gida a Kaduna, kuma a kan harafi ɗaya tak. Maigidan safiyo ne, ya kusa shekara ashirin yana awon filaye, sai da ya haura arba'in sannan ya fara koyon jita. A daren ya ɗora yatsu uku a wuyan jitar, ya shafo tsirkiyoyi biyar, sai wani amo ya fito mai kama da tambayar da aka yanke a tsakiya. Ya ce wannan shi ne C mai ƙari, haka littafinsa ya nuna. Maƙwabcinsa, wanda ke kaɗa fiyano a cocinsu tun yana yaro, ya janyo ƙaramin kibod ɗin da ya zo da shi, ya laluba har ya cimma amon, sannan ya girgiza kai.

"Oga Safiyo, wannan B ne."

"Haba maƙwabci, ga zanen nan a gabanka. C ne."

"Yatsunka ne ke cewa C. Ni kunnena B yake ji." Ya sake duban nasa yatsun a kan kibod, ya yi dariya. "In ka ga dama ma ka ce G ne, ko E♭, ba wanda zai kai ka ƙara."

Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Abubuwa uku ne suka haɗu a hannun mutum ɗaya, kuma kowanne yana raba suna da abin da aka raɗa wa sunan. Safiyo bahago ne, alhali zanen littafi na masu dama ne. Ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa, alhali littafi ya ɗauka suna nan a ɗaure yadda aka saba. Sannan kod ɗin da ya kama, wato haɗin amo uku da ake kaɗawa tare, yana daga cikin 'yan kaɗan da ba a iya nuna tushensu da yatsa.

Hannun da ba a yi kayan dominsa ba

Kimanin mutum ɗaya cikin goma bahago ne, amma almakashi da mabuɗin gwangwani da kujerar aji mai allon rubutu a gefe duk na sauran taran ne. Safiyo ya san wannan tun yana aji ɗaya a firamare. Duk lokacin da fensir ya koma hagu, rula za ta sauka a bayan hannunsa. Kafin ya gama aji uku ya koma rubutu da dama, rubutu mai kyau kuwa, har ana ba shi alli ya rubuta wa aji a allo. Jifa da riƙon guduma da fere rake suka zauna a hagu, tunda ba wanda ke duba su.

Ranar da ya sayi jitar, ta hannu ce, ɗaukarta ke nan sai wuyanta ya nufi dama ba tare da ya yi niyya ba. Mai shagon ya ce ya juya ta, ya kuma kawo hujjar da ake kawo wa kowane bahago: ai a jitar masu dama hannun hagu ne ke danna tsirkiya, saboda haka shi ne ma ya ci riba. Hujjar tana da ɗan ƙamshin gaskiya, don akwai bahagwai da suka yi fice a haka, kamar Mark Knopfler na ƙungiyar Dire Straits. Sai dai da hannun dannawa ne ya fi muhimmanci, da masu dama ba su bar wa hagunsu shi ba. Hannun da ke kaɗawa shi ke riƙe da lokaci da nauyin bugu, kuma jiki ya fi yarda ya danƙa wannan aiki ga hannun da ya fi amincewa da shi.

Bahagon da ya ƙi juyawa yana da hanya uku. Ko ya nemi jitar da aka ƙera domin hagu, wadda ba kasafai ake samunta a shago ba. Ko ya kifa ta masu dama ya bar tsirkiyoyin yadda suke, siririya a sama, mai kauri a ƙasa. Haka Elizabeth Cotten ta yi, Ba'amurkiyar da ta koya wa kanta kiɗa tun tana yarinya a jihar Karolina ta Arewa, ba ta kuma karɓi lambar Grammy ba sai a 1985, da tsufanta. Haka ma Albert King, wanda maimakon ya tura tsirkiya sama idan zai lanƙwasa amo, sai ya janyo ta ƙasa, abin da ya ba kiɗansa wani kuka da masu dama suka daɗe suna kwaikwayo. Hanya ta uku ita ce a kifa jitar a sake jera tsirkiyoyin, mai kauri ta dawo sama. Wannan ita ce hanyar Jimi Hendrix da jitarsa ƙirar Fender Stratocaster.

Wanda ya sa Safiyo ya yanke shawara bai yi nisan Amurka ba. Wani dare ya ga bidiyon Mdou Moctar, makaɗin Abzinawa daga Jamhuriyar Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayoyin birkin keke, ya kuma ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008. Ga mutum da rawani, wuyan jita ya nufi dama, ba kuma alamar yana neman afuwar kowa. Washegari Safiyo ya kwance tsirkiyoyinsa duka shida ya jera su a juye.

Daga nan littafi ya zame masa taswirar da ake karantawa ta bayan takarda. Kowane zanen kod sai ya juya shi a ka, abin da ke hagu ya koma dama. Amma ya gano wata riba da mai shago bai faɗa masa ba. Idan yana kallon malami mai dama a YouTube, su biyun suna fuskantar juna, hannun malamin yana daidai gefen nasa hannun, tamkar yana duba madubi. Ya kuma lura cewa yatsun damansa, waɗanda rula ta hore da riƙon alƙalami, ba su yi nauyin da ya zata ba wajen danna tsirkiya. Wannan bai sa ya gode wa rular ba.

Me ke faruwa idan aka sassauta tsirkiya

Tsarin da aka gina jita a kansa ya raba tazarar da ke tsakanin amo da takwaransa na sama, wanda ya ninka shi saurin kaɗawa, zuwa taki goma sha biyu daidai wa daida. Sunayensu C, C♯, D, D♯, E, F, F♯, G, G♯, A, A♯, B, sai a dawo C. Alamar ♯ na nufin taki ɗaya sama, ♭ taki ɗaya ƙasa, don haka D♯ da E♭ amo ɗaya ne mai suna biyu. Ƙarafunan da aka gitta a wuyan jita sun raba shi gaɓa-gaɓa kamar rake, kowace gaɓa taki ɗaya ce.

A saitin da aka saba, tsirkiyoyi shida daga mai kauri zuwa siririya suna ba da E, A, D, G, B, E. Ma'aunin da kowa ke komawa gare shi shi ne amon A mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, wanda wani taron ƙasa da ƙasa a Landan ya ba da shawararsa a 1939. Yarjejeniya ce domin makaɗa su iya haɗuwa, ba dokar halitta ba.

Safiyo ya sauka daga wannan ma'auni ne saboda dalilai biyu marasa ado. Na farko, katakon da ke riƙe da tsirkiyoyi a cikin jitar ya fara ɗagowa, ga hunturu yana busar da gam. Tsirkiyoyin ƙarfe shida a irin wannan jita kan ja da nauyin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana. Na biyu, fatar yatsunsa ba ta yi kanta ba tukuna, minti ashirin sai zafi. Ya murɗa kowane kunne ya sauke kowace tsirkiya taki ɗaya, suka koma E♭, A♭, D♭, G♭, B♭, E♭. Mai kaurin ta sauka daga kaɗawa kusan 82 a daƙiƙa zuwa kusan 78.

Lissafin ya burge shi a matsayinsa na ma'auni. Ƙarfin jan tsirkiya yana tafiya ne da murabba'in saurin kaɗawarta, saboda haka saukar taki ɗaya na rage jan da kusan kashi 11 cikin ɗari. Taki uku na rage kusan kashi 29, taki huɗu kusan kashi 37. Hendrix ya yawaita sauke taki ɗayan nan. Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath, shi ma bahago, ya je har taki uku a wasu waƙoƙin kundin Master of Reality na 1971, kuma dalilinsa ya fi na Safiyo zafi. Yana ɗan shekara 17 inji ya guntule masa kan yatsu biyu na dama, hannun da yake danna tsirkiya da shi, a wata masana'antar ƙarfe a Birmingham. Ya narka roba ya yi wa yatsun hula, ya nemi tsirkiyoyi marasa kauri, daga baya ya sassauta su. Nauyin amon da aka san wannan salon kiɗa da shi, wani ɓangarensa daga ciwon yatsu ya samo asali.

Sassautawar tana da farashi, kuma na farko shi ne suna. Yatsu ba su san an sauke komai ba. Siffar da littafi ya kira C tana nan yadda take, amma abin da ke fita daga cikin jitar B ne. Muddin mutum shi kaɗai yake kiɗa a ɗakinsa, ba zai taɓa lura ba. Ranar da maƙwabci ya shigo da kibod, ranar gardama za ta tashi.

Agogo mai hannu uku

A jera amo goma sha biyun nan a fuskar agogo, C a kan ƙarfe 12, C♯ a kan 1, haka har B a kan 11. Kod ɗin da aka fi ji a duniya, wanda makaɗa ke kira mejo, yana farawa daga tushe ya yi taki huɗu, sannan uku: C, E, G, wato 12 da 4 da 7. Ɗan'uwansa maino yana yin uku sannan huɗu. A dukansu tazarar ba ta yi daidai ba, kuma wannan rashin daidaito shi ke nuna wa kunne inda gida yake, kamar yadda gangarar fili ke nuna inda ruwa zai bi.

Idan aka ɗauki mejo aka tura amonsa na uku taki ɗaya gaba, G ya zama G♯, sai a sami 12 da 4 da 8. Taki huɗu, taki huɗu, sannan wani huɗun a dawo inda aka fara. Littattafan Turanci suna ce masa augmented, wato wanda aka faɗaɗa, ana kuma rubuta shi da alamar tarawa, C+. Shi ya sa Safiyo ke ce masa mai ƙari. A fuskar agogo alwatika ce mai gefe uku daidai, duk ta inda aka juya ta kamarta ɗaya. C+ da E+ da G♯+ amo uku ne guda, sunan kawai ke sauyawa. Tunda kuwa uku sau huɗu ne ke ba da goma sha biyu, irin wannan kod huɗu ne kacal a tsarin gaba ɗaya: na C da E da G♯, na C♯ da F da A, na D da F♯ da A♯, sai na D♯ da G da B.

A wuyan jita wannan na nufin siffa ɗaya tana dawowa bayan kowace gaɓa huɗu. A ƙirga tsirkiyoyi daga siririya, ita ce ta ɗaya. A danna ta huɗu a gaɓa ta 2, ta uku da ta biyu a gaɓa ta 1, a bar ta ɗaya a sake. A zame da siffar gaba ɗaya gaɓa huɗu, ta huɗu a 6, biyun tsakiya a 5, siririya a 4, amo ukun nan ne suka sake fitowa, sai dai sun sauya wanda ke sama da wanda ke ƙasa. A sake zamewa huɗu, haka. Wanda ya iya siffa ɗaya ya san kuma gaɓoɓi huɗu na farko ya mallaki dukkan masu ƙari.

Abin da maƙwabci ya nuna masa a daren gardamar shi ne amfanin kod ɗin. Ya riƙe C da E da G♯, ya ce a duba. Ya sauke G♯ taki ɗaya, C mejo ya fito. Ya dawo ya sauke C, sai ga E mejo. Ya sauke E, sai A♭ mejo. Sannan ya bi ta sama: ya ɗaga G♯ ya sami A maino, ya ɗaga C ya sami C♯ maino, ya ɗaga E ya sami F maino. Motsin yatsa ɗaya, taki ɗaya, gida shida daban-daban. Mararraba ce, ba a kwana a cikinta, amma daga nan ana iya nufar inda mai sauraro bai zata ba.

Saboda haka ne mawallafa kiɗa suka fi sa shi a bakin ƙofa. Chuck Berry ya buɗe School Days na 1957 da shi, ya sake a No Particular Place to Go na 1964. The Beatles sun fara Oh! Darling na 1969 da E+ guda ɗaya kafin murya ta shigo. Tun kafin su, Franz Liszt ya buɗe kiɗansa na Faust, wanda aka fara kaɗawa a Weimar a 1857, da jerin masu ƙari da suka taɓa amo goma sha biyun duka. John Coltrane kuma ya gina Giant Steps, wanda ya fito a 1960, a kan cibiyoyi uku masu tazarar taki huɗu-huɗu: B da G da E♭. Waɗannan su ne amo ukun da suka fito daga jitar Safiyo a barandarsa, yana rantsuwa cewa C ne.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kauce masa. Kod ɗin da ake jingina wa Hendrix, wanda ke cikin Purple Haze na 1967, shi ma ana kiransa da kalmar faɗaɗawa, amma wani amo ne can sama, na tara, aka tura gaba. Ba alwatikar nan ba ce. Safiyo ya ɓata sati biyu yana neman ɗaya a cikin ɗaya.

Inda ukun suka haɗu

A takarda, mai ƙari shi ne mafi sauƙin kod. A jitar bahago da aka sassauta, shi ne ya tona asirin duk wani aibin da ke ɓoye.

Aibi na farko yana wurin jaki, ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a cikin jitar. A jita mai tsirkiyar ƙarfe ba a miƙe ake dasa shi ba, a karkace yake, domin mai kauri tana bukatar ɗan ƙarin tsawo kafin amonta ya zauna daidai idan an danna ta. Da Safiyo ya juya jerin, mai kauri ta faɗa gefen gajere, siririya ta faɗa gefen dogo. A gaɓa ta 1 da ta 2 bambancin bai kai a ji ba. Da ya zame da siffarsa zuwa gaɓa ta 5, sannan ta 9, sai masu kauri suka riƙa haurawa sama da inda ya kamata, sirara suna kasawa. Kod ɗin da ya kamata ya dawo kamar yadda yake sai ya dawo a gurɓace. Hendrix bai sha wannan wahala haka ba, domin a Stratocaster kowace tsirkiya da nata jakin mai sukuru. Safiyo kuwa sai da ya kai jitar wurin mai gyara, aka cike tsagar jakin da katako aka yanka sabuwa mai karkata ta ɗaya gefen, aka kuma sake ƙashin sama, wanda tsagoginsa su ma a juye suke.

Aibi na biyu yana yatsunsa. Tsirkiya mai sako-sako tana miƙewa da sauƙi, idan aka danna ta da ƙarfi amonta kan ɗan haura. Mai ƙari kuwa ba shi da wurin ɓoye wannan. Taki huɗun da jita ke bayarwa ya riga ya ɗan fi wanda kunne ke ji a matsayin tsantsar daɗi faɗi. Da za a jera na tsantsar sau uku, ba za su rufe zagayen ba, za su kasa da kusan biyu bisa biyar na taki. An miƙa kowanne kaɗan ne domin alwatikar ta haɗe. Idan yatsa ya ƙara nasa miƙawar a kai, tambayar da kod ɗin ke yi sai ta koma ƙorafi. A siffar da Safiyo ya fi amfani da ita, manuniya ce ke kwantawa a kan tsirkiya biyu a lokaci guda, kuma nan ne ya fi matsawa. Maganin da maƙwabci ya ba shi, ko da yake shi ba makaɗin jita ba ne, shi ne ya riƙa sassauta yatsa har tsirkiyar ta fara ziza, sannan ya ƙara kaɗan ya tsaya. Ya gano cewa rabin ƙarfin da yake sawa ma ya isa. Hannun da aka koya wa alƙalami da tsoro ya saba matse abu fiye da kima, kuma ya ɗauki watanni kafin ya saki.

Aibi na uku shi ne wanda suka fara da shi, wato suna. A nan sana'arsa ta taimake shi. Safiyo ya san cewa lambar da ke jikin dutsen iyaka ba ita ce filin ba. Idan aka sauya ma'aunin da ake ƙirgawa daga gare shi, lambobi duka za su sauya, amma tazara tsakanin dutse da dutse tana nan. Sai ya daina tambayar kansa ko wane harafi yake kai, ya koma tambayar taki nawa ne daga nan zuwa can. Ya ɗauki wani motsi guda ya mai da shi atisayen kowane dare. Zai kama siffar C mejo, tsirkiya ta uku a sake. Ya danna ta a gaɓa ta 1, mai ƙari ya fito. Ya matsa gaɓa ta 2, amon ya kwanta cikin maino. Ya matsa ta 3, ya sake miƙewa yana neman wani gida. Tsirkiya ɗaya ke tafiya, sauran suna tsaye. Ko a wane saiti aka yi wannan, ko da wane hannu, tafiyar ɗaya ce, kuma kunne na gane ta ba tare da an faɗa masa harafi ba.

Wata rana don gwaji ya sauke tsirkiyoyin har taki huɗu, suka yi laushi kamar igiyar shanya. Kowane kod ya ƙaura ya bar sunansa: siffar C ta ba da A♭, siffar G ta ba da E♭. Da ya kama mai ƙarinsa, sai ga C da E da G♯, amo ukun da littafi ya ce tun farko. Alwatikar ta juya sulusi ta faɗa kan kanta. Ya kira maƙwabci ta katanga ya kaɗa masa.

"To yanzu fa?"

"Yanzu kam C ne, Oga Safiyo. Amma ka mayar da wayoyin nan kafin su faɗo."

Fensir a hannun hagu

Safiyo yana da 'ya 'yar shekara shida. Tun tana rarrafe take miƙa hagu, kuma da ta shiga makaranta fensir ya bi hannun. Mahaifiyarsa, wadda ke zuwa ta yi musu makonni, ta gani a rana ta biyu. Ta bari sai bayan sallar isha'i, yaran sun kwanta, sannan ta kira shi.

"Yarinyar nan, tun da sauran ɗanye ya kamata a tanƙwara. Kai ma ai da haka aka gyara ka, ga shi ba abin da ya same ka."

Ya daɗe bai amsa ba. Ba zai iya ce wa mahaifiyarsa wani abu ya same shi ba, don shi kansa bai san sunan abin ba. Ya san dai har yau idan zai sa hannu a takarda a gaban mutane, kafaɗarsa kan ɗaure.

"Hajiya, ci da sha da gaisuwa da karɓar abu, da dama za ta yi. Wannan babu ja, ni da kaina nake koya mata. Rubutun ne nake roƙon a bar mata."

"Mutane za su yi magana."

"Za su yi, Hajiya."

Ta ja carbinta ta ce Allah ya shirya, shi ma ya ce amin. Ba ta ce ta yarda ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Washegari ya je makarantar ya gana da malamar ajin, ya roƙi a zaunar da yarinyar a ƙarshen benci ta hagu domin gwiwar hannunta ta daina karo da ta abokiyar zamanta, a kuma bar ta ta karkata littafinta yadda ya yi mata.

Jitar tana jingine a falo. Yayan yarinyar, mai shekara goma, na dama ne, kuma duk lokacin da ya ɗauke ta sai ya tarar da siririyar tsirkiya a sama, komai a kife, ya yi tsaki ya ajiye. Ya fara ƙorafin cewa a saya masa irin ta mutane. Uban ya ce za a saya, ya kuma bar shi ya ɗan ƙara sati biyu yana juya ta.

Ita kuwa ranar da ta fara ɗauka, wuyan jitar ya nufi dama da kansa, tsirkiya mai kauri tana sama inda ya kamata. Jitar ta fi ta girma, sai da ta ɗora ta a cinya tana leƙowa ta sama. Uban ya durƙusa ya kwantar mata da manuniya a kan tsirkiya ta uku da ta biyu a gaɓar farko, tsirkiyoyin da ya sassauta domin nasa yatsun suka yi daidai da nata. Ta shafo ukun ƙasa da babban yatsan hagu. Amon ya tsaya a iska.

"Baba, bai ƙare ba."

"Ɗaga yatsan daga ta uku, ki matsa shi gaba ɗaya."

Ta gwada sau uku kafin ya fita. Hajiya tana zaune a kan darduma a ƙofar ɗaki, ba ta ɗago ba, ba ta kuma ce a daina ba.